Jikin da Ake Gardama a Kansa: Lafiyar Matasa Masu Sauya Jinsi, Daga Asibitocin Turai Zuwa Kemis ɗin Unguwa

Ka ɗauki wani matashi ɗan shekara 19, a Kano yake ko a Jos ko a Abuja. An haife shi namiji, an yanka masa rago da sunan namiji, amma tun yana ƙarami abin da ke ransa daban ne: shi dai mace yake jin kansa. Da yamma ya shiga kemis ya ce a ba shi ƙwayoyin tazarar haihuwa, wai yayarsa ce ta aiko shi. Mai kemis ya miƙo, ya karɓi kuɗinsa. Babu wanda ya auna masa jini, babu wanda ya tambaye shi ko yana shan taba, ko akwai wanda jini ya taɓa daskare wa a jijiya a danginsu. A waya ya ji cewa ƙwayoyin suna sa fata ta yi laushi, ƙirji ya taso, saboda haka zai riƙa haɗiyar biyu ko uku a rana.

Yawancin waɗannan ƙwayoyi suna ɗauke da wani sinadari da ake kira ethinyl estradiol. Likitocin da ke kula da masu sauya jinsi sun daɗe da daina ba da shi, domin yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, kuma idan gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, mutum na iya faɗuwa ya mutu cikin sa'o'i. Taba tana ƙara haɗarin. Ninka adadin ƙwayar ma yana ƙara shi. Wannan matashin bai san haka ba, kuma babu inda zai je ya tambaya ba tare da fargabar a kira masa jama'a ba.

Da shi na fara saboda duniya ta shafe shekaru tana tayar da jijiyar wuya a kan matasa irinsa, a majalisu da kotuna da gidajen talabijin, amma kusan duk hayaniyar a kan tambaya ɗaya take: a ba yaro maganin dakatar da balaga ko kada a ba shi. Tambaya ce mai nauyi, za mu zo kanta. Sai dai yayin da ake wannan ja-in-ja, an bar abin da ya fi kusa da rayuwarsu ta yau da gobe: yadda za su kare kansu daga cuta, abin da magani zai yi wa haihuwarsu, da yadda za su gane mai sonsu da mai neman cin amanarsu.

Kafin nan, a raba abubuwan da muke cakuɗawa a bakinmu. Akwai mata-maza, wanda malaman fiƙihu ke kira khunsa: mutumin da aka haifa da halittar jiki wadda ba ta tsaya sak a ɓangaren maza ko na mata ba. Wannan lamari ne na halittar jiki, littattafan gado da na tsarki sun yi masa babi tun ƙarnoni. Akwai ɗan daudu, wanda ƙasar Hausa ta san shi tun kaka da kakanni, da tuyarsa da girkinsa a tasha da bakin kasuwa, da salon maganarsa. Da yawa daga cikin 'yan daudu maza suke ɗaukar kansu, suna aure suna haihuwa, kuma za su yi mamaki idan ka ce musu suna son zama mata. Sai kuma mai sauya jinsi: wanda jikinsa ya tsaya a ɓangare ɗaya, amma abin da yake ji game da kansa, cikin daɗewa da naci, yana ɗaya ɓangaren. Akwai wanda aka haifa namiji yake jin shi mace ne, akwai wadda aka haifa mace take jin ita namiji ce. Wanda zuciyar mutum ke sha'awa kuwa wani zance ne daban; sanin cewa mutum mai sauya jinsi ne bai gaya maka wa yake so ba. Tsakanin ɗan daudu da mai sauya jinsi akwai inda inuwarsu ke haɗuwa, musamman ga matasan yau da suka tashi da waya a hannu suka samu sababbin kalmomin bayyana kansu, amma ba abu ɗaya ba ne.

A watan Mayu na 2019 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da sabon kundin rarrabe cututtuka, ICD-11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. A cikinsa an cire rashin daidaito tsakanin jinsi da jiki daga babin taɓin hankali, aka mayar da shi babin lamuran da suka shafi lafiyar jima'i. Ma'anar wannan ga ma'aikacin lafiya a sauƙaƙe take: wanda ke gabanka ba mahaukaci ba ne, mutum ne mai buƙatar kulawa, kuma damuwar da kake gani a tare da shi sau da yawa daga abin da ake yi masa take fitowa.

To, gardamar maganin dakatar da balaga daga ina ta samo asali? Daga Holan. A shekarun 1990 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Peggy Cohen-Kettenis, da abokan aikinta suka tsara wata hanya da daga baya ta shahara daga asibitin Amsterdam. Idan yaro ya daɗe yana cikin ƙuncin jinsinsa tun yarinta, kuma ƙuncin ya tsananta da shigowar balaga, sai a ba shi allurar da ke dakatar da ita daga kimanin shekara 12, don a samu sararin tunani kafin murya ta buɗe ko ƙirji ya fito. Idan ya kai 16 yana nan a kan bakansa, a fara ba shi sinadarin ɗaya jinsin, wato sinadarin da ke sa jiki ya ɗauki siffar mace ko ta namiji. Tiyata sai bayan 18. A 2014 suka fitar da sakamakon matasa 55 da suka bi wannan hanya har ƙarshe, ya nuna hankalinsu ya kwanta, rayuwarsu ta daidaita. Amma a lura da irin yaran da suka zaɓa: waɗanda lamarin ya fara musu tun suna ƙanana, waɗanda iyayensu ke tare da su, waɗanda ba su da wata babbar matsalar ƙwaƙwalwa a gefe.

Hanyar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, yawan masu zuwa kuma ya canza. A Ingila, asibitin Tavistock da ke Landan, mai riƙe da sashen jinsi na yara da aka kafa a 1989, ana tura masa ƙasa da yara 250 a shekarar 2011 zuwa 2012. Bayan shekara goma adadin ya haura 5,000. Kuma mafi yawan sababbin zuwan waɗanda aka haifa mata ne, lamarin ya bayyana musu ne bayan sun fara balaga, da yawa kuma suna tafe da ciwon damuwa ko galahanga ko tarihin cin zarafi. Hukumar lafiyar Ingila ta ɗora wa wata babbar likitar yara, Hilary Cass, aikin bincike. Rahotonta na ƙarshe ya fito a Afrilun 2024, bisa nazarin da masana a Jami'ar York suka yi wa binciken da ake da shi, ya ce hujjar amfanin maganin dakatar da balaga mai rauni ce, kuma ba a san tasirinsa na dogon lokaci a kan ƙashi da ƙwaƙwalwa yadda ya kamata ba. An rufe sashen na Tavistock a Maris na 2024, a Disamba kuma gwamnati ta mayar da haramcin rubuta maganin ga 'yan ƙasa da 18 na dindindin, sai dai a cikin gwajin bincike. Finlan ta riga ta tsaurara nata matakan a 2020, Suwidin a 2022. A Amurka abin ya rikiɗe ya zama yaƙin siyasa: ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta tsaya a kan goyon bayan wannan kulawa, jihohi kusan rabi suka haramta ta ga yara, sannan a Yunin 2025 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta tabbatar da dokar haramcin jihar Tennessee.

Ni a ganina tambayoyin da Cass ta yi na gaskiya ne, kuma wanda ya damu da waɗannan yara ya kamata ya fi kowa son a samu hujja mai ƙarfi kafin a taɓa jikin ɗan shekara 12. Amma masu ɗaga rahoton kamar tuta suna tsallake rabinsa. Ita kanta ta ce an bar waɗannan yara a baya, suna shekaru a layin jira, likitoci na gudun taɓa su saboda zafin gardamar, har ciwon damuwarsu da sauran matsalolinsu ba a duba. Abin da ta nema shi ne a ƙara musu kulawa, a dube su a matsayin cikakkun mutane. Ba ta ce a kore su daga asibiti ba.

A nan ne kuma zancen ya zo gida. Allurar dakatar da balaga ba ita ce matsalar matashinmu na kemis ba. Ko sunanta bai taɓa ji ba, balagarsa kuma ta daɗe da wucewa. Matsalarsa jikin da yake ciki ne yau.

Ƙa'idar da likitocin wannan fanni ke bi guda ce, kuma duk mai hankali zai yarda da ita: a kula da gaɓar da mutum yake da ita, ko da wane suna yake amsawa. Wadda aka haifa mace take rayuwa a matsayin namiji, muddin tana da mahaifa, kansar bakin mahaifa na iya kama ta, don haka gwajin da ake yi wa mata ya shafe ta, haka ma rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo wannan kansar, da Najeriya ta shigar cikin jadawalinta a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Sinadarin maza, testosterone, yana iya ɗauke jinin al'ada, shi ya sa da yawa ke zaton ya hana ɗaukar ciki. Bai hana ba. Ƙwai na iya fita ko da babu al'ada, kuma idan ciki ya shiga, sinadarin na iya cutar da ɗan tayin. Yana kuma sa fatar gaba ta bushe ta yi siriri, ta riƙa tsagewa cikin sauƙi, wannan kuwa ƙofa ce ga cuta. Ɗaure ƙirji da bandeji ko leda mai matsewa, wanda wasu ke yi don ɓoye nono, yana takura numfashi, yana jawo ciwon haƙarƙari da ƙurajen fata, musamman a zafin bazara irin namu. A ɗaya ɓangaren, wanda aka haifa namiji yake shan sinadarin mata, maniyyinsa yana raguwa, amma ba lallai ya ƙare ba, zai iya yi wa mace ciki. Wani magani da ake haɗawa da shi don danne sinadarin maza, spironolactone, yana tara sinadarin potassium a jini har ya iya rikita bugun zuciya, shi ya sa ba a shan sa sai da gwajin jini a kai a kai. Allurar silikon da wasu ke yi a ɗaki don cika ƙugu ko ƙirji kuwa ta kashe mutane a ƙasashe da dama, kuma raba allura ɗaya tsakanin abokai hanya ce miƙaƙƙiya ta ɗaukar HIV da ciwon hanta.

Sai maganar haihuwa, wadda a wurinmu ba ƙaramar magana ba ce. Daɗewa a kan sinadarin ɗaya jinsin na iya raunana haihuwa, wani lokaci ta dawo idan an daina, wani lokaci ba ta dawowa. Yaron da aka dakatar masa da balaga tun farkonta, sannan aka wuce da shi kai tsaye zuwa sinadari, mai yiwuwa ba zai taɓa samar da maniyyi ko ƙwai da ya nuna ba. Saboda haka ƙa'idojin ƙungiyar ƙwararrun fannin ta duniya, WPATH, a bugunsu na takwas na 2022, suka wajabta a zauna da mutum a yi masa wannan bayani kafin a fara komai, a kuma gaya masa hanyoyin adana maniyyi ko ƙwai. Ɗan shekara 19 da ke cewa shi ba ruwansa da 'ya'ya, ba lallai ya faɗi haka yana da 35 ba. Wanda ya sayi ƙwayarsa a kemis babu mai yi masa wannan zaman. Yana yanke hukuncin da zai bi shi har tsufa alhali bai san yana yanke shi ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne HIV. Wani babban nazari da ya fito a 2013, wanda ya tattara bayanai daga ƙasashe 15, ya gano kimanin kashi 19 cikin 100 na waɗanda aka haifa maza suke rayuwa a matsayin mata suna ɗauke da cutar. A Najeriya, babban binciken gida-gida na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke da ita. Amma binciken da gwamnati ta gudanar a 2020 zuwa 2021 a kan rukunonin da suka fi shiga haɗari ya samu kusan kashi 29 cikin 100 a tsakanin masu sauya jinsi. Kusan mutum uku a cikin goma.

Wani zai ce halinsu ne ya ja musu. Bari mu bi sawun abin tun daga farko. Yaro ya fara nuna alamun da gida ba su gane ba, sai duka, sai ruƙiyya, sai gori. A makaranta ana tsokanarsa har ya daina zuwa. Wata rana aka kama shi da kayan mata ko aka ga wani saƙo a wayarsa, sai uba ya ce ya bar masa gida. Ya sauka a tashar wani gari ba takardar makaranta, ba sana'a, ba wanda zai ɗauke shi aiki da wannan tafiyar da wannan muryar. Wanda zai ba shi wurin kwana yana da sharaɗi. Wanda zai ba shi dubu biyu yana cewa ba ya son kwaroron roba, kuma mai jin yunwa ba ya ciniki. Idan ciwon sanyi ya kama shi, ba zai je asibiti ba, gyambon da ciwon ya bari kuma yana sauƙaƙa wa HIV shiga. Ga kuma gaskiyar halitta: fatar dubura siririya ce, ta fi saurin ɗaukar ƙwayar cutar. Kowane mataki a wannan tafiya, akwai wani babba da zai iya tsayar da ita bai tsayar ba.

Kariyar kuwa akwai ta, har ta fi ta da. Akwai ƙwayar rigakafi da mara cutar ke sha kullum, PrEP, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita tun 2015. Akwai allurar cabotegravir ta duk wata biyu, ga kuma lenacapavir ta sau biyu kacal a shekara, wadda Amurka ta amince da ita a Yunin 2025 bayan gwajin da masu sauya jinsi na cikin waɗanda aka yi shi da su. Da yawa suna gudun PrEP don tsoron zai kashe ƙarfin sinadarin da suke sha. Bincike ya nuna ba ya rage shi. Wanda aka yi wa fyaɗe ko kwaroron roba ya fashe masa yana da sa'a 72 ya fara maganin gaggawa na kwana 28. Wanda kuma ya riga ya kamu, idan ya riƙe magani har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwaji, ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Sai dai dakatar da tallafin lafiya da gwamnatin Amurka ta yi a farkon 2025 ya girgiza cibiyoyin da ke ba irin waɗannan mutane magani a Najeriya, kuma rigakafi na cikin abubuwan da aka fara yankewa.

Wani ƙaramin abu da ake yawan tsallakewa: ciwon sanyi na iya zama a maƙogwaro ko dubura ba tare da wata alama ba, gwajin fitsari kuma ba zai gan shi a can ba. Ma'aikacin lafiyar da ya ji kunyar tambaya, ko mara lafiyar da ya ji tsoron faɗa, sai a sallame shi da takardar cewa lafiyarsa lau.

Yanzu maganar zuciya, wadda ta fi wuyar rubutawa. Matashin da aka shafe shekaru ana gaya masa shi abin ƙyama ne, ranar da wani ya kalle shi ya ce yana sonsa, zai iya ba da komai don kada wannan kalmar ta kuɓuce masa. Nan ne mugaye ke shiga. Ga wanda bai kai shekara 18 ba zancen a rufe yake: duk babban da ya neme shi da sunan shi kaɗai ne ya fahimce shi, mai cin zarafin yara ne, kuma yaron da aka kora daga gida shi ne irin wanda suke farauta. Abin da yaro ke buƙata babba ne amintacce da zai iya kai wa ƙara, da sanin cewa jikinsa nasa ne. Ga wanda ya girma kuwa, akwai abubuwan da ya kamata wani ya taɓa gaya masa ko sau ɗaya. Yana da ikon cewa a'a, ko ga wanda ke ciyar da shi. Yana da ikon cewa akwai sashen jikinsa da ba ya so a taɓa, domin da yawa daga cikinsu ƙuncinsu a kan wasu gaɓoɓin yake taruwa, kuma mai sonka da gaske yana jin wannan ya tsaya. Wanda ke barazanar tona maka asiri idan ka rabu da shi ba masoyi ba ne. Hoton tsiraici da ya bar wayarka ya bar hannunka. A biranen Najeriya har suna aka raɗa wa tarkon da ake ɗana musu, kito: a yaudari mutum a intanet zuwa wani ɗaki, a lakaɗa masa duka, a ɗauki bidiyonsa, a tatse shi da danginsa, don an san ba zai kai ƙara ba. Dokar hana cin zarafi ta 2015 ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe har ta haɗa da wanda aka yi wa namiji, amma wa zai shiga ofishin 'yan sanda yana tsoron shi za a tsare?

Akwai kuma tambayar yaushe mutum zai gaya wa wanda ke nemansa ko shi wane ne. Gaskiya ita ce ginshiƙin duk wata alaƙa mai ɗorewa, kuma ɗaya ɓangaren ma yana da haƙƙin ya sani kafin abu ya yi nisa, balle a kai ga aure. Amma an kashe mutane a wurare da yawa a daidai lokacin da suka faɗi wannan gaskiyar. Shi ya sa masu ba da shawara ke cewa a faɗa da wuri, a faɗa daga nesa ko a cikin jama'a, wani amintacce kuma ya san inda kake.

Na san mai karatu zai ce, addini fa? Ba ni da hurumin fatawa, kuma mafi yawan malamanmu suna haramta sauya halitta da kamanceceniya da ɗaya jinsin. Wannan sananne ne. Amma malaman farko ba su ɗauki kowa da kowa suka zuba a kwando ɗaya ba. Imam Nawawi ya rarrabe tsakanin wanda aka halicce shi da laushin ɗabi'a da motsin mata, wanda ya ce babu zargi a kansa tunda ba shi ya ƙirƙira ba, da wanda yake ƙaƙalo abin da gangan. A zamaninmu ma ƙasashen Musulmi ba su yi baki ɗaya ba: a Iran fatawar Khomeini ta shekarun 1980 ta buɗe ƙofar tiyata, a Masar, a 1988, Mufti Tantawi ya yi fatawa kan wani ɗalibin likitanci na Azhar da aka yi wa tiyata, fatawar da har yau ake saɓani kan fassararta, Pakistan ta yi dokar kare haƙƙinsu a 2018, sannan kotun shari'a ta tarayya ta soke wasu sassanta a 2023. Ko wane ra'ayi mutum ya ɗauka a wannan, ban san malamin da ya ce a hana mara lafiya magani ba, ko a jefa yaro titi ga 'yan farauta.

Dokar ƙasa ma tana da nata tasirin a jiki. Dokar haramta auren jinsi da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ba ta ambaci masu sauya jinsi da suna ba, amma a titi babu mai wannan rarrabewar. Wani bincike da ake yi a Abuja a daidai lokacin, a kan maza masu neman maza, ya nuna masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin 100 bayan dokar. Wanda ya daina karɓar maganinsa, cutar na ƙaruwa a jininsa, kuma ba ta tsayawa a kansa. Wasu daga cikin masu nemansa a ɓoye suna da mata a gida. A shekarar dai aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta wajabta rufa sirrin mara lafiya ta kuma hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa ko da wane dalili, aka kuma yi dokar hana nuna wariya ga masu HIV. Ma'aikatan lafiya da yawa ba su san nauyin da waɗannan dokoki suka ɗora musu ba.

Ga iyaye kuwa, akwai binciken da Caitlin Ryan da abokanta suka fitar a Amurka a 2009. A kan matasa masu sha'awar jinsinsu aka yi shi, amma darasinsa ya ratsa nan: waɗanda gida ya tsananta ƙinsu sun ninka sauran fiye da sau takwas wajen yunƙurin kashe kai, fiye da sau uku wajen saduwa ba kariya. Abin da aikinta ya ƙara nunawa, kuma da iyalai masu riƙo da addini ta yi shi, shi ne ba sai uwa ta canza aƙidarta ba kafin haɗarin ya ragu. Rage duka, daina gori, barin yaro ya ci abinci a kwano ɗaya da 'yan uwansa, hana ƙannen uba zaginsa a gabanta, waɗannan kaɗai suna sauya lissafi. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Uwar da ta ce, "Ban gane abin da ke damunka ba, ban kuma yarda da shi ba, amma nan ne gidanku," ta toshe hanyar tashar nan da muka bi ɗazu.

Harshenmu ma yana da nasa ƙulli. A Hausa ko a gaisuwa sau da yawa sai ka zaɓi jinsi: ka kwana lafiya, kin kwana lafiya. Ma'aikaciyar jinya da ta ga mutum a gabanta, katinsa na ɗauke da sunan namiji, shigarsa ta mata, tana iya daburcewa, ko ta kira abokan aikinta su zo kallo, shi ke nan ya tafi ba zai dawo ba. Amma Hausar da ta ɗaure ita ce ta kwance, domin muna da jam'in girmamawa. "Sannunku da zuwa. Me ke damunku? Da wane suna kuke so a kira ku?" Babu wanda ya bar addininsa da faɗin haka. Daga nan sai ta rufe ƙofa, ta yi tambayoyin da take yi wa kowa: wane magani kuke sha, nawa a rana, tun yaushe, kuna shan taba, akwai wanda ke tilasta muku, yaushe rabonku da gwaji.

Matashinmu na kemis, idan wata safiya ya tashi ya ga ƙwaurinsa ɗaya ya kumbura yana zafi, ko ƙirjinsa na suka numfashinsa na sama-sama, ko rabin jikinsa ya yi sanyi magana na sarƙe masa, wannan ba na jira ba ne, ba kuma na mai kemis ba ne. Ya ɗauki kwalin ƙwayar ya tafi da shi sashen gaggawa, ya gaya wa likita adadin da yake sha a rana. Likitan da bai san da ƙwayar ba zai iya ɗaukar abin a matsayin zazzaɓi ko ciwon gaɓɓai ya sallame shi da fanadol, gudan jinin kuwa yana nan a jijiya.